Ƙarfen Baba Sila

Baba Sila ya ɗaga ƙafar dama, ya jawo ta hagu, ya zube a kan kujera. Ƙarfen dogarawarsa mai ƙafa huɗu ya kife gefe.

Malama Munira, wadda asibiti ke turowa ta koya masa tafiya, ta durƙusa ta latsa sharaɓarsa.

"Baba, ƙashi ya kama. Naman ƙafar ma bai rame ba. Me ke hana ka?"

"Tsufa," in ji shi.

Farkon damina ya faɗo daga kan rumbu a gidansa na Manga, ƙugu ya karye. 'Yarsa Keziah ce ta yi jinyarsa a asibiti. Ranar da ta fara zuwa idonta ɗaya a kumbure yake, ta ce ƙofar kicin ce ta buge ta garin sauri. Da aka sallame shi ta kawo shi gidan mijinta a Rikoto. Sharaɗin asibiti ɗaya ne: ba zai koma Manga ba sai ya iya tafiya da kansa.

A falo aka shimfiɗa masa katifa, dab da ƙofar ɗakin masu gidan. Taga ɗaya ce, da ƙarafa a jikinta. Ta cikinta bangon maƙwabta kawai ake gani. Mutumin da ya tsufa yana hawan dutse, yanzu daga katifa sai kujera, daga kujera sai bayi. Duk wanda ya zo daga Manga tambayarsa ɗaya: dawa ta fitar da kai? Birai sun shiga? In an ba shi amsa sai ya juya fuska bango.

Justice, mijin Keziah, mai shagon kayan babur ne a kasuwa. Shekaru ya yi yana golmo a gonar Baba Sila, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Wanda ya sunkuya a gonarka haka ba ya ɗaga murya a gabanka. Kullum sai ya cire takalmi, ya rusuna, ya gaida tsohon. Ko ruwa zai nema wurin matarsa, a hankali yake magana, jijiyar wuyansa a miƙe.

Kaka ta shigo. Aka yanke dawar Baba Sila ba da shi ba. Ranar bai ci tuwo ba.

Keziah ta rame. Ran Lahadi in sun dawo daga coci takan tarar da ƙura a tafin ƙafarsa, sai ta ɗora laifin a kan shararta, ta ɗauko ruwa ta wanke masa. Malama Munira ta canza dabara, ta lallashe shi, ta yi masa faɗa. Ƙafar ta ƙi.

Justice ya fara daɗewa a shago. In ya dawo, tsohon na nan bakin ƙofar ɗaki, ido biyu. Gida nasa, amma tari ma sai ya duba.

Wata ranar kasuwa Aaron, dattijon cocinsu, ya zo dubiya. A gabansa Justice ya kasa daurewa.

"Baba, ina ganin iskar gida za ta fi yi maka magani."

"Wa zai ɗaga ni a can? Awaki?"

"Keziah ta bi ka."

"Ta kai ni ta juyo, ka ce."

"A'a, Baba. Ta zauna har ka warke."

Baba Sila ya dubi dattijon. "Aaron, ka ji bakinsa?"

"Na ji. Har ka warke."

Washegari aka kira mota, ba wanda ya ƙara ta da zancen sharaɗin asibiti. Mutum biyu suka ciccibe shi suka sa a baya, ƙarfen a kan cinyarsa. Keziah ta haɗa kaya kaɗan. Ya ce ta ƙara, jinya ba a san ƙarshenta ba. Ta ɗauko babban akwatinta.

A Manga maƙwabta suka taru, suka riƙa shi har tsakar gida, ana ta sannu. Ya zauna a gindin rumbun da ya kayar da shi, yana nishi, har kowa ya watse. Akwatin na nan bakin zaure inda direba ya jefar da shi. Keziah ta gwada ɗagawa ta kasa.

"Saka sakata," ya ce.

Ta saka. Da ta juyo, ƙarfen na jingine da rumbu, babu kowa a kusa da shi. Mahaifinta ya riga ya kai zaure. Ya sunkuya, ya saɓa akwatin a kafaɗa, ya miƙe tsaye kamar icen giginya.

"Tun dawa ba ta fitar da kai ba nake zagaya falon mijinki in kun tafi coci," ya ce. "Ƙofar da ke buge ki ba za ta biyo ki nan ba. Mijinki ya ce har in warke, ni kuwa a idon mutane ba ni da ranar warkewa."