Ranar da Inna Ta Kira Sunansa

Tun da aka kafa dokar gwajin jini, ba a ƙara cewa wani ya taɓu ba. Sai dai a ce garkuwar jikinsa ta juya ta far wa ƙwaƙwalwarsa, a zo da farar mota a tafi da shi wankin jini.

Haka aka tafi da Inna, don maƙwabta sun ji tana hira da mijinta da ya rasu. Yau Zubairu, ɗanta na fari, ya zo ɗaukarta da kwanon fura a hannu.

"Ta warke sarai," in ji malamar asibiti. "Jininta tas."

Ga Inna kuwa zaune, ta yi ƙiba, idonta ƙyar. Wannan matar tun da ta haife shi kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta faɗi sunansa ba, sai dai "wannan yaron", tana kawar da kai.

Ya durƙusa. "Inna, ya jiki?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Lafiya lau, Zubairu."

Kwanon ya kusa suɓuce masa. Malamar ba ta ga komai ba, murmushi ma take yi.

"Zubairu," Inna ta sake cewa, muryarta sumul kamar ta mai karanta labarai, "kai ma ai ina jin ka kana yi wa Babanku magana a zaure. Na gaya musu."

A bayansa, wani ya tura ƙofa a hankali.