Ɗan Mutumin da Baba Ya Zana a Jirgin Ruwa

Ina 'yar shekara tara na raka Baba asibiti. Mun hau jirgin ruwa daga tashar St. George bayan azahar, ni ce zan fassara masa Turancin likita. Wata biyu ke nan hannunsa na dama yana rawa, kuma da shi yake tuƙa tasi.

Muna cikin jirgin, sai ya karɓi littafin lissafina, ya fara zana ɗan mutum a kusurwar shafin ƙarshe. Ya ce daga baya ake farawa, don a riƙa hango zanen ƙasa ta cikin takarda. A Yamai ya koya, wurin malamin da ya ba su labarin Bafaranshen da ya fara sa zane motsi, takarda bayan takarda.

Ya cika shafi goma, ya murza su da babban yatsa. Mutumin ya taka, amma duk jikinsa karkarwa yake.

Na ce, "Baba, me ya same shi?"

Ya ce, "Sanyin ruwa ne, uwata. Bai zo da rigar sanyi ba." Sai ya sa hannun a aljihu. "Sauran sai mun dawo."

Da muke dawowa bai nemi littafin ba, ni ma ban miƙa ba. Bai ƙara tuƙi ba. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗan mutumin yana nan a littafin da ƙafa ɗaya a sama, har yau na kasa sauke masa ita.