Ƙaninki Ne Wannan?

Wata malamar jinya da saurayinta suna cikin zaɓen labulen gidan da za su zauna bayan aure, mai shagon ta ajiye almakashi ta ƙare wa malamar jinyar kallo.

"Baiwar Allah, ƙaninki ne wannan? Wai shekarunki nawa?"

Malamar ta yi murmushi. "Sun kai na godiya ga Allah, Yaya. Wannan ruwan tokan, akwai mai kauri?"

Mai shagon ta juya wajen saurayin. "Ka yi dacen yaya mai hankali."

Ya yi 'yar dariya, ya sunkuyar da kai yana shafa yadin. Bai gyara mata ba.

Da suka fito bakin titi ya kasa haɗa ido da ita. "Kin iya ba da amsa," ya ce a hankali.

"Na saba, kullum sai marasa lafiya sun tambaye ni. Ba tambayarta ce ta yi mini ciwo ba. Kai na tsaya jira."

Kunya ta rufe shi.

"Ko Umma ba ka gaya wa na girme ka ba, ko?"

Ya kawar da kai.

"Bari in koma in faɗa wa matar nan gaskiya," ya ce.

"Mai labule ba surukata ba ce."

Sai ya ciro waya, ya kira mahaifiyarsa. Malamar kuwa ba ta tafi ba, ta tsaya ta ji da kunnenta.