Itacen Jikin Bangon Arewa

Hayaƙi ne ya sake tada jaririn. Malimpho ta ɗaga shi, ta bubbuga bayansa har tarin ya lafa, sannan ta harari murhu. Busasshen kashin shanun da aka tara don hunturu ya sha ruwan ƙanƙara. Sai tsuwa yake yana turnuƙe ɗaki, wuta kuwa babu.

Ga itace can a waje, tana hango shi ta kafar ƙofa.

Tun bara surukarta, Mme Mathato (Mme a yarensu uwa ke nan), ta faskara shi da hannunta. A kan duwatsun nan ko bishiyar kirki babu, sai da ta yi ta sauka kwari tana hawowa da shi a ka. Ta ɗora shi bisa duwatsu don kada damshin ƙasa ya taɓa shi, ta jera shi jikin bangon arewa inda rana ke yini, ta rufe da tsohon kwanon rufi. Lokaci-lokaci takan zaro biyu ta gwara, ta karkata kunne.

"Kin ji? Ƙwal! In ya ce dum, da sauransa. Wannan na jegonki ne. Ko fada ya zo daga coci da kuka, ba zai samu ba."

Malimpho ta iya maganar nan har da turo haɓar. Ranar da mijinta Nkuebe zai koma ramin zinariya a ƙetaren iyaka, ta yafa bargo, ta ɗauki cokula biyu ta kwaikwaya masa. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Ta haihu. Aka soke kara a saman ƙofa: maza ba shiga, ita ba fita. Kwanakin farko itacen ya ci kamar an zuba masa mai. Sai ran Lahadi tsohuwa ta dawo daga shago, inda nan kaɗai waya ke kamawa, ta danne kwanon da manyan duwatsu. Daga ranar ko sili ba ta ƙara ba ta ba.

"Mme, ƙirjin yaron nan kuka yake."

Tsohuwa ta cire bargon jikinta ta miƙa, ta fita da riga ɗaya.

Maza suka fara hawowa da jakuna, suna ƙara gumagumai a kan tarin. Ba fito, ba waƙa. Ntate Lerotholi (Ntate, wato baba), ƙanin surukin Malimpho, wanda kullum ke tsayawa bayan shinge yana ihun "Uwar soja, an bar mana kunu?", ya wuce da hula a ido. Ya daɗe a garke yana kallon wani baƙin sa.

Walimar jariri suke shiryawa, in ji Malimpho a ranta. Nama ga gari, hayaƙi ga mai walimar. Ta kwaikwayi tafiyar Ntate Lerotholi a tsakar ɗaki, ƙafa a gwame. Za ta ajiye wa Nkuebe wannan.

Ran Laraba da hantsi leɓen yaron ya yi duhu, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta kwantar da shi, ta ratsa ƙarƙashin karan, ta ture duwatsu, ta cika hannu.

Tana juyowa ta ga tsohuwa a gabanta.

"Mme, ki dake ni in kin so. Ke kika ce nawa ne. Cinye shi za ki yi?"

Tsohuwa ba ta ɗaga hannu ba. Zama ta yi a cikin ƙanƙara.

"Tafi da na hannunki, amma kada ki ƙara. Duk ƙauyukan nan za su sauko ran Asabar, kuma ɗanyen itace ba ya dafa sa. Dattawa ne suka ce a ɓoye miki, kada nono ya ƙafe."

"A ɓoye mini me?"

"Nkuebe suke kawowa, 'yata. A cikin akwati."