Giyar Zukiswa

Zukiswa ta shanye kofi na uku, ta fara tangaɗi har da ƙari. Tun daga bakin tekun Hermanus take neman hanyar amayar da abin da ke cin ta, sai ga shi ita da abokanta sun yada zango a wata gonar inabi ta Franschhoek. Gobe ta ɗora wa giya laifi.

"Chantelle, gashin dokin nan naki sai ka ce sheƙar tsuntsu!"

Aka kwashe da dariya.

Ta juya kan Lwazi, wanda ya tuƙo su. "Kai kuma, bhuti, wai yayana, makaho ne. Shekara biyu ina son ka, kana ta kira na ƙanwa!" Ta toshe baki. "Wayyo, giya ce ke magana."

Mai kawo abin sha ta ɗaga kwalbar ta duba. "Wace giya, 'yar'uwa? Ai ta direba kika ɗauka. Zallar ruwan inabi ne."

Tangaɗi ya tsaya cak. Chantelle ta miƙe tana cire 'yan kunne, da shirin faɗa.

Lwazi ya jawo kujerarsa kusa da Zukiswa. "Chantelle, bi layi. Bari ta fara maimaita nawa, a hankali."