Askin Tumatirin Bishiya

Reshen farko ya faɗo da ƙara, ya fasa ruɓaɓɓun 'ya'yan da ke zube a ƙasa, jan ruwansu ya fantsama har jikin bango. Mutumin da ke kan tsani ya share gumi da bayan hannu, ya sake kafa zarto.

"Kai mai zarto! Uban wa ya aiko ka?"

Tsohuwar gidan ce, tana zaune kan kujerar roba a gindin bishiyar, tana karkaɗa masa sanda. Tun da ya ɗora tsani take zazzaga masa masifa, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu, don in ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba. Ransa a ɓace yake tun safe.

Wai tumatirin bishiya ke nan, ɗan ice mai 'ya'ya kamar tumatir da ake riƙe shi daidai inda hannu zai kai. Wannan kam an sake shi ya yi ta haukarsa har ya wuce rufin ɗaki. Rassa sun sarƙe, ganye faffaɗa mai warin nan ya toshe taga, 'ya'yan sun ƙanƙance sun gudu can ƙoli inda tsuntsu kaɗai ke cin moriyarsu. Ga shi icen ba ƙwari gare shi ba, ga saiwa a sama-sama. Babban reshen ma ya tsage daga gindi, ya rankwafo daidai kan kujerar robar, inda tsohuwar ke wuni kullum tana kallon ƙofar gida. Iska ɗaya mai ƙarfi ta isa.

Autar tsohuwar, wadda ita ke jinyarta, ta ce sau da yawa tana kawo masu sara, tsohuwar na korarsu da sanda. Dalilinta ɗaya ne. Ɗanta ne ya dasa bishiyar a shekarar da ya tafi neman kuɗi, ya kuma ce kada kowa ya taɓa masa ita, shi zai yi mata aski da hannunsa in ya dawo. Abubuwa da yawa sun zube daga kan tsohuwar, har sunan unguwa wani lokaci sai an tuna mata, amma wannan magana ta zauna daram.

"Ɗana na nan tafe," in ji ta. "Sauko mini, ɓarawon ice!"

Ɗanta! Mutumin ya ja zarto kamar zai karya shi. Yau duk duniya babu wanda ya tsana kamar ɗan nan nata. Wane irin sakarai ne zai ɗaure tsohuwa da magana ɗaya, ya kama gabansa shekara da shekaru? Ya leƙa ta sama ya ga famfo na ɗiga cikin tsohon bokiti, ga igiyar shanya an ɗaure ta da tsumma, ga kwanon rufi ya yi tsatsa inda ganye ya taru ya ruɓe. Wai yana aiko saƙo, wai yana kira a waya. Waya ce za ta tare reshe in ya faɗo?

Ya sauko a fusace, ya tsallake matakin tsanin da ya ruɓe ba tare da ya duba ba. Ya nufi ɗakin ajiya, ya ɗan ɗaga ƙofar sama kafin ya tura, ya fito da igiya.

"A janye ta daga nan," ya ce da autar, bai ko kalli tsohuwar ba.

Nan fa aka yi ta. Tsohuwar ta ƙanƙame hannun kujera, ta rantse ba inda za ta. Sai da autar ta kama gefe ɗaya, shi ya kama ɗaya, suka ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya zuwa baranda, sandar na sauka a kafaɗarsa. Bai kauce ba ko sau ɗaya.

Ya koma sama, ya ɗaure babban reshen da igiya, ya soma yanka. Bai kai rabi ba reshen ya ɓalle da kansa. Igiyar ta zame, ya faɗi ƙasa da nauyinsa duka, ya farfasa bulon da ke daidai inda ƙafafun kujerar suka bar shaida. Autar ta dafe ƙirji tana salati.

Daga nan aiki ya yi sauri. Ya cire busassu, ya cire waɗanda suka gicciye, ya rage tsawon sauran, yana yin kowane yanka a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a kai. Da ya gama, ya ɗebo toka a murhu, ya dama da ruwa, ya bi kowane yanka yana shafawa da babban yatsansa na hagu.

Masifar ta tsaya cak. Tsohuwar ta ƙura wa hannun ido.

"Wa ya koya maka wannan? Maigidana ne kaɗai ke shafa toka, Allah ya jiƙansa. Shi da ɗana."

Mutumin ya tsaya da kwanon toka a hannu. Ya matso, ya durƙusa a gabanta, ya ɗago fuskarsa sosai inda haske zai same ta, ya jira.

Ta dube shi tun daga goshi har haɓa, ta daɗe tana dubawa. Sai ta taɓe baki.

"Har da satar fasaha. To, bari ɗana ya dawo ya ga yadda ka aske masa bishiya. Duk ramin da ka shiga sai ya zaƙulo ka."

Ya miƙe a hankali, ya koma ya hau tattara rassa, yana jifa da su bakin katanga da ƙarfin da ya fi na aikin. Autar ta biyo shi da kofin ruwa, idonta ya yi ja.

"Sha ruwa, Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka yi haƙuri da Inna. Wataƙila gobe ta gane ka."