Tafin Ƙafar Ja'afaru

Kullum bayan sallar asuba Malam Inuwa zai kwantar da taɓarya a tsakar gida, ɗansa Ja'afaru ya ɗora ƙafa ya yi ta murzawa har rana ta fito. Tafin ƙafar Ja'afaru a shimfiɗe yake, ba lanƙwasa ko kaɗan. In ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ka ce faranti aka kifa. Wani tsohon soja a kasuwar Ɗambatta ne ya gaya wa Malam cewa ba a ɗaukar mai irin wannan ƙafa, sai dai a koya mata dabara.

Shi kansa Malam Inuwa an taɓa koro shi daga layin ɗaukar soja saboda gajarta, kuma shekara talatin bai huce ba. Ya ci alwashin sai kaki ya shigo gidansa, ko da ƙafar za ta ƙi.

Da yamma Ja'afaru yakan fita gudu da Abdulkabir, ɗan marigayi ƙanen Malam. Danga ɗaya ce ta raba gidajensu, da wata ɓula da ake miƙa tuwo ta cikinta. Su bi ta tsakanin gonakin gero har bakin kwalta su dawo. Abdulkabir ya wuce ɗebo wa mahaifiyarsa Fadima ruwa, Ja'afaru kuwa ya zube ya tsoma ƙafafu a bokiti. Malam ya ce ba komai, lalaci ne yake fita daga jiki.

Ranar tantancewa a Kano, aka sa kowa ya jiƙa ƙafa ya taka siminti. Ja'afaru ya ƙanƙame yatsu yadda aka koya masa, sawun ya fito da lanƙwasarsa, ya wuce. Saura ɗakin likita, inda ake shiga biyu-biyu. Da la'asar aka kira sunan Abdulkabir cikin waɗanda za su tafi horo. Ja'afaru ya hau motar Ɗambatta.

Malam Inuwa ya tare shi tun a zaure. Ja'afaru ya ce likita ya zaunar da shi, ya danna tafin, ya murɗa idon sawu, ya rubuta.

"Likitan duba yake yi? Ka wuce siminti, me ya kai shi ƙafarka? Su wa ke ɗakin?"

"Ni da Abdulkabir."

Sauran, Malam ya ƙarasa da kansa: Abdulkabir ne ya tona. Gurbin ƙaramar hukuma kaɗan ne, kowa ya sani, kuma banda mutanen gidan ba wanda ya san zancen taɓarya. A gaban jama'ar masallaci ya ɗaga hannu ya ce duk wanda ya tona asirin nan bai yafe masa ba, duniya da lahira. Da Abdulkabir ya zo sallama kafin tafiya, Malam ya tsare shi ya ce sai ya faɗi gaskiya. Abdulkabir ya daɗe yana kallon Ja'afaru, sannan ya durƙusa ya ce, "Baba, ku yi haƙuri." Bai ƙara komai ba, kuma a wurin Malam wannan ya isa shaida.

Washegari aka toshe ɓular danga da ƙaya. Ranar gayya aka tsallake gonar Fadima. Mata suka riƙa yi mata habaici a bakin rijiya, ita kuwa ta haɗiye, don ko ita ɗan nata bai gaya mata komai ba.

Ja'afaru ya koma noman albasa. Ya yi ƙiba, har waƙa ake jin yana yi a lambu, mutane suna yaba tawakkalinsa. In Abdulkabir ya kira shi a waya, sai ya zuba mata ido har ta katse. Da Abdulkabir ya zo hutun sallah ya durƙusa a ƙofar zaure, Malam Inuwa ya juya masa ƙeya, yaron ya tashi da kunya ya tafi. Haka aka yi shekara biyu.

Ana cikin yankan gero labari ya zo. An yi wa su Abdulkabir kwanton ɓauna a daji, kuma can aka binne shi. Fadima ko gawa ba ta gani ba.

Ranar addu'ar uku, maza sun cika tabarmi a ƙofar gida, sai ga muryarta daga bayan zana, ta dushe don kuka.

"Malam, ɗan ƙanenka ne. Kada ka bar shi a kabari da bakinka a kansa."

Liman ya roƙa, dattawa suka sa baki. Malam Inuwa ya tsufa a kwana ukun nan, don shi ya yi wa yaron huɗuba ranar da aka haife shi, kuma abin yana cin sa. Ya share ido da bakin rawani.

"Ba ni aka cuta ba, Liman. Ga wanda aka raba da rabonsa nan. In ya yafe, na janye."

Kowa ya juya ga Ja'afaru. Kalma biyu kawai ake jira, amma ya kasa. Hawaye na zuba a gaban rigarsa. Wani ya ce kai, wannan riƙo ya yi yawa, mutum ya mutu ai sai a bar wa Allah. Uban ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya daure ya furta cewa ya yafe.

Ja'afaru ya zame ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba abin da zan yafe masa. Ban taɓa son aikin nan ba, ni na gaya wa likita da bakina, Abdulkabir kuwa ya yi shiru ne don kada bakinka ya faɗa kaina."